Waƙafin Rashawa a Cikin Turanci: Darasi Daga Maƙalar Wata Ɗaliba

Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata ne malaminmu na nahawu ya haɗa ni da wata ɗaliba 'yar ƙasar Rasha da ke nazarin Hausa a birnin Sent Fitasbag, domin in riƙa duba mata misalan da take amfani da su a bincikenta. Aikin bai wuce ta aiko da jimla ta tambaye ni ko Bahaushe zai faɗi haka, ni kuma in ce e ko a'a. Muna cikin haka, ran nan da sassafe sai ga saƙonta: "Malam, don Allah yau taimako na daban nake nema. Sun dawo mini da takardata." Ashe ta aika da maƙala kan giredojin aikatau na Hausa zuwa wata mujallar ilimi ta ƙasar waje. Masu tacewa suka ce binciken ya yi, amma Turancin sai an sake shi, suka ba ta mako uku. Ɗaya daga cikinsu har ya nuna shakkar ko ta fahimci giredi na shida. Ita kuwa maƙalar tana cikin abubuwan da za ta nuna kafin a bar ta ta kare kundinta.

Na karɓi aikin ina ganin na kwana biyu ne, sai ga shi ya cinye makonni ukun nan cur. Abin da ya ba ni mamaki, wanda kuma shi ya sa na rubuta wa 'yan'uwana ɗalibai wannan 'yar takarda, shi ne kusan duk kuskuren da na ja wa layi a Turancinta, in na bi sawunsa sai in tarar ƙa'ida ce ingantacciya ta Rashanci da ta biyo ta zuwa gidan da ba a san da ita ba.

Kada mai karatu ya yi mamakin jin ana nazarin Hausa a Rasha, domin tun zamanin Tarayyar Sobiyet ake yi. Farfesa Dmitri Olderogge na Leningirad, wato sunan da Sent Fitasbag ke amsawa a wancan lokaci, ya fitar da littafi kan harshen Hausa a 1954, kuma a ƙarƙashin jagorancinsa aka buga ƙamus na Hausa zuwa Rashanci a Mosko a 1963. Gidan rediyon Mosko ma ya yi shekaru yana da sashen Hausa. Sai dai masanan wancan zamani da Rashanci suka fi rubutu. A fannonin kimiyya ma, a Amurka ake ɗaukar mujallunsu a fassara su daga bango zuwa bango. Bayan rushewar Tarayyar a 1991 lamarin ya soma sauyawa, ya kuma tsananta tsakanin 2013 da 2020, lokacin da gwamnatinsu ta gudanar da shirin da aka kira 5-100 don ɗaga martabar jami'o'inta, aka riƙa auna malami da yawan maƙalun da ya buga a manyan mujallun duniya, waɗanda galibinsu na Turanci ne. An sassauta wannan sharaɗi a 2022 bayan ɓarkewar yaƙi da Yukren. Duk da haka, mai nazarin Hausa a can, in yana son masanan Kano da Zariya da Landan su karanta shi, ba shi da mafita sai Turanci.

Ƙananan kalmomi uku

Rashanci ba shi da "a", ba shi da "an", ba shi da "the". Wannan sananne ne, har 'yan fim ɗin Amurka in za su kwaikwayi mutumin Rasha, su suke fara zubarwa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, aikin da waɗannan kalmomi ke yi a Turanci akwai mai yin sa a Rashanci, wato jerin kalmomi a cikin jimla. Da yake suna a Rashanci yana sauya ƙarshensa har siga shida gwargwadon aikinsa, ko aikau ne ko karɓau ko mai mallaka, ana iya juya jimla ba tare da an kasa gane wanda ya yi da wanda aka yi wa ba. To sai harshen ya yi amfani da wannan dama: abin da aka riga aka sani shi ke zuwa farko, sabon labari kuma ya zo ƙarshe. Dubi waɗannan jimloli biyu:

Malchik voshol v komnatu. Ma'ana, yaron ya shiga ɗakin.
V komnatu voshol malchik. Ma'ana, wani yaro ya shiga ɗakin.

Kalmomi huɗu ne a kowace jimla, ba a ƙara ba, ba a rage ba, wurin zaman yaro kawai aka sauya. Bature zai ce "the boy" a ta farko, ya ce "a boy" a ta biyu. Shi ya sa jimlar farko ta maƙalar Malama ta fito haka: "In this article are considered verbs of Grade 6." Ta kai sabon labari ƙarshe kamar yadda aka hore ta, ta bar aikatau ya riga aikau. Muka mayar da ita: "This article considers Grade 6 verbs."

Da yake ta iya Hausa, sai na yi mata gada da ita. Na ce, duk inda ta yi shakka ta juya jimlar zuwa Hausa a zuci. In madanganci ya shiga, wato "-n" ko "-r" ko "ɗin", kamar a ce yaron, motar, fim ɗin, to "the" ake so. In kuwa "wani" ko "wata" ne ya dace, to "a" ko "an" ake so. Dabarar ta yi mata aiki a wurare da dama, amma ba da daɗewa ba ta gano iyakarta, ta kuma nuna mini ita. Madangancinmu abin da aka ambata a baya yake nunawa, alhali "the" ya fi shi faɗi. Muna cewa "rana ta fito" ba tare da madanganci ba, Bature kuwa sai ya ce "the sun", domin guda ɗaya ce tilo a sama. Haka nan muna cewa "shi malami ne" ba tare da "wani" ba, Bature kuwa dole ya ce "he is a teacher". Ke nan gadar tana ƙetarar da mutum rabin kogi ne, sauran sai iyo.

Bayan kwana biyar sai cutar ta juya. Ta tsorata da barin "the", ta shiga watsa shi ko'ina kamar mai barbaɗa yaji: "in the Table 2", "on the page 14", "the Hausa has seven grades". A nan sai na tuna mata cewa sunan da ke ɗauke da lamba ya riga ya fayyace kansa, saboda haka "Table 2" da "page 14" ba sa buƙatar ƙari. Na ƙarshen ya fi haɗari, domin "Hausa" shi kaɗai harshe ne, "the Hausa language" ma harshe ne, amma "the Hausa" mutane ne. Yadda ta rubuta, Hausawa ne ta kasa gida bakwai. Kamarsa ne "Niger" ƙasa, "the Niger" kogi.

Waƙafi

A nan ne na fi daɗewa, kuma a nan ne maƙalar ta kusa halaka.

Rashawa ba sa wasa da waƙafi. Ƙa'idojin rubutunsu da aka tsayar a hukumance a 1956 sun fayyace inda yake shiga, kuma littattafan Ditmar Rozental, wanda ya rasu a 1994, sun bi su dalla-dalla har suka zama abin komawa ga editoci da malaman makaranta. Yaro tun yana firamare ake yi masa shifta, in ya bar waƙafi ɗaya a rage masa maki. Akwai misali da kusan kowane ɗan makaranta ya sani, na hukuncin da aka rubuta da kalmomi uku: kaznit nelzya pomilovat. Kalmar farko tana nufin a kashe, ta biyu ba dama, ta uku a yafe. In waƙafi ya faɗa bayan ta farko, "a kashe, ba dama a yafe", fursuna ya tafi. In ya faɗa bayan ta biyu, "a kashe ba dama, a yafe", ya tsira. Har ma akwai shiftar gama-gari da aka fara a jami'ar Nobosibirsk a 2004, inda manya da gemunsu ke zuwa da kansu sau ɗaya a shekara a yi musu shifta don su gwada alƙalaminsu. Ni dai ban san ranar da za a kira irin wannan a garinmu mutane su fito ba, sai in an ce akwai shinkafa.

Bambancin shi ne, waƙafin Rashanci ginin jimla yake bi. Duk inda ƙaramar ganga ta haɗu da babba, dole a sa shi, ko mai karatu zai numfasa a wurin ko ba zai numfasa ba. Kafin "chto", wato "cewa", akwai waƙafi. Kafin "kotory", wato "wanda", akwai waƙafi. Kafin "yesli", wato "idan", akwai waƙafi in ya zo a tsakiyar jimla. Saboda haka shafukan Malama suka cika da irin su "We think, that", "It is clear, that", "He asked, why". Duk waɗannan Turanci ba ya son su. Ba ya yarda a shiga tsakanin aikatau da karɓaunsa, ko da karɓaun ganga ce sukutum. Na lura da wani abu: gwargwadon ƙoƙarin mutum a makarantar Rasha, gwargwadon yawan wannan kuskure a Turancinsa. Malalacin ɗalibi da bai riƙe ƙa'idar ba ya fi saurin tsira.

Waɗannan dai ƙura ce, ana kakkaɓewa ta fita, ma'ana ba ta taɓu ba. Wanda ya taɓa ma'ana shi ne waƙafin da ke gaban "which" da "who". Ga jimlar da ta sa mai tacewa ya yi zargin ba ta san giredi na shida ba:

The verbs, which belong to Grade 6, end in -o.

Abin da take nufi daidai ne: aikatan da ke giredi na shida da wasalin "o" suke ƙarewa, kamar sayo, kawo, fito, dawo. Amma a Turanci, in aka kewaye ganga irin wannan da waƙafi biyu, an mayar da ita ƙarin bayani ke nan, wanda za a iya cire shi jimla ta tsaya. Cire shi ka gani: "The verbs end in -o." Wato duk aikatan da take magana a kansu 'yan giredi na shida ne, kuma duk da "o" suke ƙarewa. Wannan kuwa ƙarya ce da ɗan aji ɗaya zai kama, tunda a shafin akwai saya da kama da fita. In aka cire waƙafan biyu, gangar ta zama mai tantancewa, ta ware waɗansu aikatau daga sauran:

The verbs which belong to Grade 6 end in -o.

A Rashanci duka jimlolin biyu da waƙafi ake rubuta su, mai karatu ne ke gane nufin daga abin da ke kewaye. Shi ya sa idonta bai ga bambanci ba sam. Na yi ta bayani bai shiga ba, sai da na koma misali na gida. Na ce, Malama, in na rubuta "my brother who lives in Jos", ina da 'yan'uwa da yawa, na Jos nake nufi. In na rubuta "my brother, who lives in Jos,", ɗan'uwa ɗaya gare ni, zaman Jos ɗin labari ne na ƙara miki. Ta yi shiru na kwana guda, sannan ta dawo da maƙalar ta gyara irin wannan wuri har goma sha ɗaya da kanta, biyu daga ciki ni ma ban gan su ba. Gaskiyar magana, ni kaina sai a wannan aiki na riƙe ƙa'idar da kyau. A da ina sa waƙafin ne duk inda numfashina ya ƙare.

Sauran alamomin ba su ba mu wuya ba. Rashanci ba ya amfani da aikatau irin "is" a lokaci mai ci, ba shi kuma da dirka irin "ne" da "ce" tamu. In suna ya haɗu da suna, dogon layi ake ja a tsakaninsu. Sai ga shi ta rubuta "Hausa — tonal language", inda ya kamata ta ce "Hausa is a tonal language". Alamar zancen wani a wurinsu « » ce, suna kiran ta da sunan 'yan itatuwan Kirsimeti saboda siffarta. Sunayen ranaku da watanni da harsuna da ƙananan baƙaƙe suke fara su, don haka "monday" da "russian" suka yi ta fitowa. A lissafi kuma waƙafi suke sa wa inda Turanci ke sa ɗigo: biyu da rabi a wurinsu 2,5 ne. Wannan ba abin rainawa ba ne, domin 1,500 a idon ɗan Rasha ɗaya da rabi ne, a idon Bature kuwa dubu da ɗari biyar.

Zaɓen kalma

A wasiƙar da ta haɗa da maƙalar, ta gabatar da kanta da cewa "I am an aspirant". Na yi dariya har abokin ɗakina ya tambaye ni lafiya. Na rubuta mata cewa a Nijeriya duk wanda ya faɗi haka, kujerar majalisa ko ta ƙaramar hukuma yake nema, kuma nan da nan za a tambaye shi jam'iyyarsa. A Rashanci "aspirant" ɗalibin babban digiri ne. Irin waɗannan kalmomi suna da yawa, domin Rashanci da Turanci duk sun aro daga Latin da Faransanci, amma kowanne ya kai kalmar wata unguwa daban. "Aktualny" abin da ake yayi ne ko ake buƙata yanzu, shi ya sa suke rubuta "this problem is very actual" alhali "relevant" ko "topical" suke nufi. "Dekada" kwana goma ce, "decade" kuwa shekara goma. "Magazin" kanti ne, "familiya" sunan dangi. "Nauka" ta haɗa duk wani ilimi na bincike, har da adabi da tarihi, saboda haka mai duba kundinta ya zama "scientific supervisor", nazarin karin magana kuma ya zama "scientific work".

Ban daɗe ina dariyar ba, domin laifi tudu ne. Da muka shiga kalmomin yau da kullum sai na ga abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Kalmarsu "ruka" ta haɗa "hand" da "arm", daidai da hannu. "Noga" ta haɗa "foot" da "leg", daidai da ƙafa. "Delat" ta haɗa "do" da "make", daidai da "yi" namu. Suna jam'inta shawara da bincike, sai su rubuta "advices" da "researches", mu ma da shawarwarinmu da bincike-bincikenmu haka muke faɗawa ramin. Suna tambaya "How do you think?" saboda haka Rashanci ke faɗa, mu kuma muna da "yaya kake gani?" Wanda ya fi burge ni shi ne "my s bratom", wato kalma da kalma "mu da ɗan'uwa", alhali mutum biyu ne kacal, mai magana da ɗan'uwansa. Daga nan ake samun "we with my brother went". Wannan ai shi ne "mun je kasuwa da ƙanena". Malama ta ce lokacin da aka koya musu wannan gini a ajin Hausa, babu wanda ya nemi a maimaita.

Inda muka rabu da su shi ne sharaɗi. Su lokaci mai zuwa suke sa wa bayan "idan", sai su rubuta "if he will come". Mu shuɗaɗɗe muke sa wa, "idan ya zo". Turanci bai bi ɗaya daga cikinmu ba, "if he comes" yake so. Akwai kuma 'yan haruffan da suke kwasowa daga gida: "depend from", "congratulate with", "married on". Sai kuma "this method allows to see", wanda ya bayyana kusan a kowane shafi. Turanci yana son a faɗi wanda aka ba damar: "allows us to see".

Abu na ƙarshe da muka yi fama da shi ba kuskuren nahawu ba ne, nauyi ne. Rubutun ilimi da na ofis a Rasha yana son mayar da aikatau suna, sannan a jera sunaye ɗaya na mallakar ɗaya. Marubuci Kornei Chukovski ya raɗa wa wannan ɗabi'a suna "kantselyarit" a littafinsa na 1962, ya ƙera kalmar daga sunan ofis, ya ba ta ƙarshe irin na sunayen cututtuka. A Rashanci ƙarshen kalma ne ke ɗaukar mallakar, don haka jerin bai cika damun ido ba. In ya shigo Turanci sai kowace gaɓa ta nemi "of" nata:

The carrying out of the analysis of the meaning of the verbs of motion was made.

Na tambaye ta, wa ya yi me? Ta ce ita ce ta nazarci ma'anar aikatan motsi. Na ce to rubuta haka. Ta rubuta "I analysed the meaning of motion verbs", sannan ta ce tana jin kunyarta, kamar ta fita unguwa da kayan barci. An hore ta cewa mai ilimi ba ya cewa "ni" a rubutu. Har ma akan gaya wa yaransu masu yawan faɗin "ni" cewa "ya", wato "ni", shi ne baƙin ƙarshe a cikin baƙaƙensu 33. Ban matsa mata ba. Muka daidaita a kan "this paper analyses" a mafi yawan wurare, "I" kuma ya tsaya a uku kawai, inda ra'ayinta ne ta bayar.

Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika ta mayar da maƙalar. A wasiƙar da ta rubuta wa edita na cire alamar motsin rai da ta sa bayan "Dear Editor", domin a wurinsu haka ake buɗe wasiƙar girmamawa, Bature kuwa zai ji kamar an daka masa tsawa. Na kuma mayar da "Please answer me soon" zuwa "I look forward to hearing from you". Bayan wata biyu aka karɓi maƙalar da 'yan gyare-gyare kaɗan, kuma babu wanda ya sake tayar da zancen giredi na shida.

A saƙon da ta aiko na albishir, ta haɗo da wani sakin layi na Hausa da na taɓa rubuta mata, ta ja layi a wurare huɗu inda na raba "yana" na rubuta "ya na", da wuri ɗaya da na haɗe "za ta". Ta ce malaminsu ba ya yafe wannan. Saƙon da "Dear Malam!" ya fara, da alamarsa tsaye ƙiƙam, ban kuma ce mata ta cire ba.